Ranar Da Aka Kayar Da Barandami

Yayana mahauci ne, kuma tun ina ƙarama na san hannunsa ya fi bakinsa sauri. A mayanka ba mai kiransa da sunan da iyayenmu suka raɗa masa. Barandami suke ce masa, sunan ɗan gatarin nan da ake sara ƙashi da shi, kuma wanda ya laƙaba masa sunan bai zalunce shi ba. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce min Auta, har yau da furfura ta fara leƙo min.

Shi ya raine ni. Innarmu ta rasu ina goye. Babanmu kuwa ciwon ciki ne ya kama shi, aka yi ta jan ƙafa, sai da ya daina gane mutane sannan aka kai shi asibiti. Aka shiga da shi ɗakin tiyata, aka fito da gawa. Yaya yana saurayi a lokacin, bai daɗe da fara riƙe wuƙa ba. Ya yaye mayafin da aka rufe Baba da shi, ya ga ɗinki tun daga ƙirji har mara. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Feɗe shi suka yi." Daga ranar ya rantse ba wanda zai sa masa wuƙa a ciki muddin yana numfashi. Na sha gaya masa jinkiri ne ya kashe Baba, ba likita ba, amma da bango nake magana.

Ba zan ci amanarsa ba. Shi ya kai ni koyon ɗinki, shi ya ɗauko keken ɗinkina a ka ya dire shi a shagon da nake har yanzu, a layin da ke bayan mayanka. Ina budurwa wani ɗan iska ya taɓa riƙe min hannu a bakin famfo. Ban kai ƙara ba, wani ne ya kai. Yaya ya same shi a wurin mai shayi, ya kifa kansa da benci, ya yi masa dukan kawo wuƙa har muƙamuƙinsa ya goce. Ban ji tausayin mutumin ba, kuma har gobe ba zan ji ba. Sai dai a ranar na gane hannun da ke kare ni ba shi da birki.

Abokin aikinsa Bahago ne, amininsa tun suna yara. Bahago shi ke kayar da shanu, Yaya ya yanka ya feɗe. In ka taɓa ganin yadda ake kayar da bijimi ba za ka manta ba. Mutum ɗaya zai tsaya a gabansa yana ɗauke masa hankali, Bahago kuma ya lallaɓa ta baya da igiya a hannun hagu, ya zarga ta a ƙafa, ya fizga. Sai ka ji ƙasa ta amsa. Kafin dabba ta gane abin da ya same ta an murɗe wuya, an danne da gwiwa, an haɗa ƙafafu an ɗaure. Hannun hagun nan na Bahago ba ya kuskure, har 'yan kallo ake yi masa. Da hannun dama kuwa ko cokali da ƙyar yake riƙewa, abin da muke tsokanarsa da shi ke nan.

Ciwon Yaya ya shigo a hankali. Mutum ne da ke fita tun rana ba ta fito ba, ba komai a cikinsa sai baƙin shayi da sigari. Kafaɗarsa ta dama kuma ta gaji da sara, don haka kullum sai ya tsaya a ɗan shagon bakin ƙofar mayanka ya sayi ƙwayar ciwon jiki ya kora da shayin. Duk mahautan haka suke yi, kamar wata ƙa'idar aiki. Da ya fara dafe ƙasan ƙirjinsa yana cije leɓe, sai ya ce yunwa ce. Da ya koma durƙusawa a bayan tebur yana haɗa gumi, sai ya ce wuta aka hura masa a ciki. Wani mai sayen nama, ma'aikacin jinya, ya ce masa wannan alamar gyambon ciki ce, olsa, ya je a duba shi. Yaya ya ajiye naman da yake aunawa ya ce masa ya bar gaban teburin tun ƙafafunsa na ɗaukarsa.

Matarsa, wadda nake ce wa Anti, 'yar ƙaramar mace ce mai sanyin murya, ba ta kai kafaɗarsa ba. Ita ta je wurin wata tsohuwa mai sayar da ganye da sassaƙe a ƙarshen kasuwa. Tsohuwar ta san aikinta. Ta ce a riƙa matse ɗanyen kabeji yana shan ruwan, a dafa busasshen ɓawon rumman da hulba, a zuba ɗan kurkum da zuma. Sannan ta kafa sharaɗi: ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan a kai a kai, ya bar barkono, ya bar sigari, ya bar ƙwayar nan ta bakin ƙofa. In kuma aka ga jini, ko ta sama ko ta ƙasa, to magana ta bar hannunta.

Yaya ya karɓi maganin ya bar wa tsohuwa sharaɗinta. Kuma gaskiya maganin ya yi aiki, ba zan yi wa ganye ƙarya ba. Wutar ta lafa, ya fara barci, har wasa ya dawo masa. Sai ya ɗauka ya gama da ciwo. Da safe zai jefa ƙwaya a baki ya kora da ruwan ɓawon rumman, wai wannan na gyaran kafaɗa, wannan na gyaran ciki, kowa ya kama gabansa.

Daga nan ya zama bokan kansa. Tunda shi ke farke tumbin awaki da tumaki kullum, sai ya fara bincike. Duk tumbin da ya gani sumul ba tabo, sai ya baje abin da dabbar ta ci a kan siminti yana tonawa da bakin wuƙa, yana neman ganyen da ta ci. In ya gane ganyen gwaba ne ko na wata bishiya, da yamma zai shigo da shi fal leda ya zube wa Anti ya ce a ƙara a tukunya.

Na ce masa, "Yaya, akuya har leda da kwali take ci. Su ma a dafa maka?"

Ya ce, "Auta, na farke cikin da ya fi gashin kanki yawa. Wa zai gaya min ciki?"

"Na dabba ka farke."

"Ciki ciki ne," in ji shi, ya kurɓi abinsa yana yatsina fuska.

Da ciwon ya dawo, ya dawo da fushi. Yaya dama zuciyarsa a kusa take, yanzu kuwa sai ta koma bisa hanci. Ya fasa wa direban motar nama baki don ya yi masa hon. Ya jefi wani dillali da ƙahon saniya. A gida kowa ya koma tafiya da sanɗa. Na lura yana ramewa, leɓɓansa sun yi fari, in ya miƙe da sauri sai ya dafa bango. Ni da Anti mun san inda abin ya nufa, kuma mun san kalma ɗaya ce ba a faɗa a gabansa.

Anti ce ta faɗe ta. Wata safiya ta shiga wanke bayi bayan fitowarsa, ta ga bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta. Ta tuna maganar tsohuwa. Ta same shi a tsakar gida yana wasa wuƙa a kan dutse, ta durƙusa ta ce, "Maigida, ka yi wa Allah mu je asibiti. Jini ne ke fita a jikinka."

Maƙwabciyarsu ce ta rugo shagona ba ko takalmi. Da na isa na tarar da tukunyar magani a kife, ruwan rawaya ya malale har bakin ƙofa, Anti tana zaune a cikinsa ta dafe baki, jini na bin yatsunta. Haƙorinta na gaba yana ƙasa kusa da murhu. Ƙafarta ɗaya ta saluɓe inda tafasasshen ruwan ya zubo mata. Yaya yana tsaye yana huci, yana kallon tafin hannunsa kamar na aro ne.

Almakashina yana hannuna, ban ma san na taho da shi ba. Na tsaya a tsakaninsu na ce, "Saura ni. Bismilla, ƙarasa."

"Auta, fita min daga gida."

"Zan fita, amma da ita zan fita. Matar da ke tashi kafin kowa tana matse maka kabeji har hannunta ya yi kanta, ita ka zubar wa haƙori? Wallahi na ji kunyar jininka a jikina."

Ya ɗaga hannu. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, na kuma san in ya sauke shi sai dai a kwashe ni. Ban matsa ba. Sai ciwon ya murɗe shi, ya naɗe kamar tabarma, ya dafe ciki ya juya mana baya. Na kama Anti muka fita. A ranar na tsane shi, tsana ta gaske, kuma a ranar ce na fi jin tsoron ya mutu.

Bai tsaya nan ba. A tunaninsa tsohuwa ce ta zuga matarsa, don haka ya nufi ƙarshen kasuwa. Tsohuwar tana ganin fuskarsa ta ce, "Ɗan nan, jininka ya ƙare a tsaye. Wannan ya wuce ganye, kuma ba zan ƙara ba ka ko tsinke ba." Ya kama ƙafar rumfarta ya girgiza har kwanon rufin ya rufto. Ya yi fatali da kwalabe, ya tattake ƙullin sassaƙe, zuma ta bi ƙasa. Katako ya faɗo wa tsohuwa a goshi ya tsaga. Maza sun cika wurin, amma ba wanda ya iya matsowa.

Anti ta zauna a ɗakina tana jinyar ƙafa. Abin da ya fi ba ni haushi, ko ranar farko ba ta fasa ba: ta dafa maganin a kan rishona, ta zuba a filas, ta ba Bahago ya kai masa. Na ce mata in ni ce guba zan zuba. Ta ce, da bakinta mai giɓi, "In bai sha ba wutar za ta hana shi cin komai." Shi kuma ya karɓa yana sha, bai taɓa tambayar daga ina ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, ina kan keke ina kalmasa bakin siket. Bahago ya faɗo shagon da rigar aikinsa jina-jina. Ya ce, "Auta, taso. Yayanki na aman jini, kuma ba yau ya fara ba."

A hanya ya ba ni labari. Ashe Yaya ya daɗe yana amayar da jini a wurin aiki, ba wanda ya gane. A mayanka wa zai tsaya kallon jini a ƙasa? Sai ya juya baya ya sunkuya kan magudana kamar mai wanke wuƙa, ya yi abinsa, ya watsa bokitin ruwa, jinin ya bi na shanu ya wuce. Ranar nan ne ya kasa kaiwa magudana, ya yi a gefen kwamin wankin tumbi, inda ba a yanka komai. Bahago ya san jinin yanka, ja ne mai kumfa. Wannan kuwa baƙi-baƙi ne da gudaji, kamar an jiƙa garin gawayi.

Na same shi ya jingina da ginshiƙi, wuƙar fiɗa a hannunsa, haɓarsa da ƙirjinsa duk sun ɓaci. Mahauta sun yi masa da'ira daga nesa. Fuskarsa ta yi fari fat kamar toka, amma idanun suna nan yadda na san su.

"Duk wanda ya matso sai na zubar da hanjinsa," ya ce. "Na san inda kuke son kai ni."

Na ce, "Yaya, mutuwa za ka yi."

"To in mutu da cikina a rufe."

Ya sake sunkuyawa, wani aman ya zubo, ya goge baki da bayan hannu ya miƙe yana layi. Na dubi mazan nan masu ƙirji kamar ƙofa, kowa ya sunkuyar da kai. Na dubi igiyar da ke rataye a kafaɗar Bahago. Na ce masa a hankali, "Yadda kuke yi wa bijimi."

Ya ce, "Auta, mutum ne fa. Ba zai taɓa yafe mana ba."

"Ya rayu ya ƙi yafewa."

Ni na tsaya a gaba. Na matsa har ina jin ƙarnin numfashinsa, na buɗe baki na zazzaga masa duk abin da na daɗe ina haɗiyewa. Na ce masa matsoraci ne, jarumtarsa a kan mata da tsofaffi ta ƙare, ƙaton banza mai tsoron allura. Na ce da Baba zai tashi ya gan shi da ya tofa masa yawu. Idanunsa suka kafe a kaina, ya ɗago wuƙar ya yo taku ɗaya. A daidai nan igiya ta shiga ƙafarsa ta baya, Bahago ya fizga.

Ƙasa ta amsa. Kansa ya bugi siminti, mutane suka rufar masa. Ban san inda mai zubar da jini haka ya samo ƙarfi ba. Ya harbi ɗaya a mara, ya gantsara wa wani cizo a kunne, yana gurnani yana zagin iyayen kowa. Bahago ya sa gwiwa a wuyansa, ya kai hannun hagu zai kama wuyan hannun da ke riƙe da wuƙa. Yaya ya fizge ya kawo yanka ta baya, bai ma ga wanda ya samu ba. Na ji Bahago ya ja numfashi ta haƙori. Tsintsiyar hannunsa ta buɗe har ina hango farin abu a ciki, jini ya yi tsartuwa ya fesa min a fuska. Duk da haka bai ɗaga gwiwar ba sai da aka taka wuƙar aka haɗa ƙafafu da hannuwa aka ɗaure.

A bayan motar ɗaukar nama aka jefa su, su biyun, tsakanin ƙugiyoyi. Na yage ɗankwalina na ɗaure wa Bahago dantse, na ɗora kan Yaya a cinyata. Yana kallona yana cewa, "Kwance ni, Auta. Ni na goya ki. Kwance ni." Ina kuka ina ƙara riƙe ƙullin igiyar.

An ƙara masa jini, an kuma yi abin da ya rantse ba za a yi ba. Likitar da ta fito ta ce gyambon ya ci har ya kai ga jijiyar jini, kuma ƙwayar ciwon jikin nan a kan yunwa tana cikin abin da ya rarake shi. Ta ce akwai kuma ƙwayar cuta a cikin, wadda sai da maganinta na musamman take mutuwa. Anti ta tambaya a tsorace ko kabejinta ne ya jawo. Likita ta ce a'a, sai dai ya rufe bakin ciwon ne kawai, shi kuma yana ta aikinsa a ƙasa.

Yaya ya rayu. Hannun Bahago ma an ɗinke, amma jijiyoyin sun riga sun tafi. Yatsun suka lanƙwashe suka ƙame, ba sa riƙe igiya, ba sa riƙe ko kofi. Mutumin da ake taruwa kallon aikinsa ya koma zama a kan benci, yana koyon cin abinci da hannun dama kamar yaro.

Da Yaya ya samu ƙarfi ya koma mayanka, aikin mutum biyu ya kama, kuma abin da ya samu gida biyu yake rabawa, nasa da na Bahago. Ya bar sigari, ya bar ƙwaya. Anti ta koma ɗakinta bayan ya zo har ƙofata ya tsaya kamar mai bara, amma da ita ya yi magana, ni ko kallo ban ishe shi ba. In mun haɗu a layi sai ya tsallaka ɗaya gefen. Abin ya ci min rai, amma ban yi nadama ba.

An daɗe a haka. Wata rana da yamma inuwa ta rufe min haske, na ɗago na gan shi a ƙofar shago da wando a hannu. Ya ajiye a kan keke ya ce a rage masa ƙugu. Na ɗauko tef zan auna, sai ya ɗaga rigarsa. Ga tabon nan tun daga ƙirji har mara, irin na Baba sak.

"Ke da kika san ɗinki," ya ce, "ya kika gani?"

Na ce, "Ɗinkin buhu ne. Amma ya riƙe."

Ya saki rigar ya zauna a kan kujerar masu jiran kaya. Ya ce ya je wurin tsohuwa, ya kafa mata sabuwar rumfa, ta karɓe shi. Har yanzu wurinta Anti ke karɓo ɓawon rumman, yana sha bayan ya ci abinci, da sanin likita.

"Na tambaye ta," ya ce, "ko akwai ganyen da ke haɗa jijiyar hannu. Na ce ko a ina yake zan je in nemo."

"Me ta ce?"

"Ta ce babu."

Ya ɗora hannunsa na dama a kan gwiwa yana kallonsa. Hannun da ya goya ni ne, shi ya sayo min keken da nake ci da shi. Ban taɓa ganin Yaya yana hawaye ba, ko ranar Baba, don haka na sunkuyar da kai na fara farke ƙugun wandon, na bar shi ya yi abinsa.